Yadda Malam Haladu Ya Ci Ƙofar Baya da Yaƙi

Godiya ta tabbata ga Ubangiji Mai buɗewa, wanda idan Ya buɗe babu mai ikon rufewa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, wannan tarihin sadauki ne ɗan sadaukai, Malam Haladu ɗan Barau, jikan Ɗangoggo maƙeri, wanda ya taɓa ƙera wa wani attajiri kwaɗo mai tsananin aminci har ya ƙi buɗuwa ga mai shi, sai da aka sare ƙyauren da gatari. Tattaɓa-kunnen Jatau, wanda masana nasaba suka haɗu a kan cewa shi ne yake riƙe wa Sarkin Ƙofa jaki a duk lokacin da Sarkin Ƙofa ya sauka zai kulle gari. Duk wanda ya dubi wannan salsala da idon basira zai san cewa sha'anin kulle da buɗewa gadon gidansu ne, ba haye ya yi ba.

Na Lantana gagara-badau! Toron giwa mai alli a aljihu! Dodon 'yan aji uku, mai ƙwace wayar ɗalibi yana murmushi! Malamin tarihi ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke garin Funtuwa, kuma ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri cewa mai riƙe da wannan alƙalami shi ne Haladun da kansa. Ya jira ko wani zai rubuta, ya ga kowa ya kama sabgar gabansa, sai ya ɗauki biro. Zai riƙa ce wa kansa "shi", domin haka ya ga ana yi wa manya a littattafan da yake koyarwa, kuma kunyar ta fi sauƙin ɗauka a haka.

Wannan bawan Allah yana da mota shuɗiya, 'yar Kwatano, wadda ta ci ƙuruciyarta a ƙasar Turawa, ta yi ƙarfinta a hannun mutane daban-daban da ba su ji tausayinta ba, sannan ta zo ta tsufa a ƙofar gidansa. Shuɗiya yake kiran ta. Yana kuma da wani miki a zuci wanda bai taɓa nuna wa kowa ba. Surukarsa, mahaifiyar matarsa Lantana, wadda alƙalamin nan ba zai rubuta sunanta ba ko da an ɗora masa wuƙa, sai dai ya ce Inna, ba ta taɓa shiga motarsa ba. Duk biki, duk suna, duk ta'aziyya, motar Alhaji Mamuda dillalin taki, mijin ƙanwar Lantana, ita ke zuwa ta ɗauke ta. Sau tari Haladu yakan durƙusa ya yi gaisuwa, ya ga an rufe mata ƙofa mai baƙin gilashi, ya juya ya shiga Shuɗiya shi kaɗai. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai. A ransa ya riga ya yanke cewa a gidan surukansa shi ne wanda ake tunawa da shi idan za a kafa rumfa ko a jera kujeru.

Ana nan sai ga wata Laraba mai albarka, Lantana tana zuba masa shayi ta ce, "Malam, Inna ta aiko. Wai ko motarka za ta samu ranar Asabar? Sunan jikan ƙanwarta za su je a ƙauye, kuma motar su Alhaji tana Kano."

Sadauki ya ajiye burodi. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ji ƙirjinsa ya cika har maɓallin riga yana neman agaji. Ya ce, "Ki ce mata an gama."

Nan take ya fita rangadin daularsa. Ita Shuɗiya tana da irin kullen nan da masu gyara ke kira santiral lok, wato mutum ya danna rimot sau ɗaya ƙofofi huɗu su kulle tare, ya sake dannawa su buɗe tare. Sai dai an daɗe da fitina ta ɓulla a wannan daula. Ƙofar baya ta dama ta warware mubaya'a, ba ta jin kiran rimot ko kaɗan. Sauran ukun kuma munafunci ya shige su, da zarar mota ta faɗa rami sai ka ji kas-kas-kas, suna kullewa suna buɗewa ba da izinin kowa ba. Haladu ya daɗe yana kau da kai, domin yara ta hagu suke shiga. Amma ƙofar baya ta dama ita ce ƙofar girma, ita ce ta gefen zaure, ta nan ake shigar da mai daraja. Ya hango kansa ranar Asabar, gaban mata da maƙwabta, yana jan marfi yana ƙin zuwa, yana cewa, "Ko Inna za ta zagayo ta can?" Sai ya ji zufa ta keto masa.

Lantana ta leƙo daga soro ta ce, "Ai in ka miƙa hannu ta ciki ka ɗaga maɓallin tana buɗewa."

Ya ce, "In yi goho a kan kujera a ƙofar gidan Inna? Ta Alhaji Mamuda goho ake yi mata?"

"To ka kai wa mai wayarin mana."

"A ji a gari jikan Ɗangoggo ya kai kulle asibiti? Miƙo mini sukundireba!"

Da wannan kalima aka ɗaura yaƙi. Ya tara rundunarsa a kan tabarma: sukundireba mai karyayyen kai, filaya mai tsatsa wadda ya gada daga Barau, wuƙar yankan albasa da aka karɓo aro daga kicin ba da son mai ita ba, da baƙin tef wanda rabinsa ya riga ya ƙare a igiyar dutsen guga. Ya tuɓe riga ya rage daga shi sai singileti, ya ɗaure tumbi da mazagi, ya yi bisimilla.

Karon farko da rimot aka yi shi, domin hikimar mayaƙa ita ce a fara tuhumar ɗan aike kafin a tuhumi wanda aka aika wa. Ya zura bakin wuƙa a tsagar rimot ya murɗa, rimot ya dare gida biyu, hanjinsa ya watse, wani ɗan maɓalli ya yi tsalle ya shige kwata, sadauki ya bi shi da rarrafe yana tonon ƙasa da yatsu har ya ceto shi daga bakin wata kaza. Ya sauya batiri, ya haɗa, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu sama kamar mai kiran shanu, ya daka tsawa, "Ku buɗe!" Ƙofofi uku suka amsa. Ta huɗun ko gezau ba ta yi ba.

Kashegari aka yi karo na biyu, wanda zuriya za ta riƙa tunawa da shi da sunan Ranar Fis. Wani abokin aikinsa ya taɓa ce masa duk wata cutar wutar mota daga akwatin fis take farawa, saboda haka ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, kansa a wurin birki, ƙafafunsa a waje suna kallon sama, ya buɗe akwatin, ya tarar da su a jere, ja da shuɗi da rawaya, ya shiga zare su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa yana dubawa a hasken rana da natsuwar alƙali mai nazarin shaida. Dukkansu lafiyarsu ƙalau. Abin da bai yi ba shi ne lura da gurbin da ya ciro kowane. Da ya mayar da su bisa ijtihadinsa ya murɗa makulli, sai rediyo ya mutu, fitilar gefe ta ɗauke, wani abu kuma ya fara ƙauri. Maƙwabta masu wucewa suka riƙa tsayawa a kan ƙafafun nan biyu suna cewa, "Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba," shi kuwa yana amsawa daga ƙarƙashi da murya irin ta wanda komai ke tafiya bisa tsari. Bai samu ya mayar da kowane fis gidansa ba sai da la'asar ta yi sanyi, kuma ƙofar tana nan a kan bakanta.

Ranar Juma'a da hantsi ya yanke shawarar kutsawa cikin birnin abokan gaba. Ya ɗaga maɓallin 'yar tawaye da hannu, ya buɗe ta, ya kwance kusoshi, ya zura wuƙa a gefen kwalin da ya rufe cikin ƙofar, ya ɓanɓaro shi, 'yan ƙananan robobin da ke riƙe da shi suna karyewa ɗaya bayan ɗaya suna shahada. Ya cire igiyar mabuɗin ciki, ya yaye leda, ya leƙa. Can cikin duhu ya hango ɗan injin da ke ɗaga maɓalli ya sauke, shugaban 'yan tawaye kenan, zaune abinsa ba alamar nadama. Ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba, ya yi masa nasiha, ya yi masa barazana. Sannan dabara ta zo masa cewa ya kamata ya saurari numfashinsa a rufe. Ya ajiye rimot a kan rufin mota don kada ya zauna a kai, ya shiga kujerar baya, ya jawo ƙofa da ƙarfi.

Kas! Girgizar rufewar ta tayar da munafukan nan uku, suka kulle baki ɗaya.

Nan aka yi wa sadauki ƙawanya. Ta dama ya riga ya cire mata igiyar buɗewa da hannunsa, maɓallinta ma girgizar ta sauke shi. Ta hagu kuwa shi da kansa ya sa mata kullen yara tun bara, don kada su buɗe ana tafiya. Gilasai a rufe, rana ta take, unguwa ta yi tsit kowa yana shirin masallaci. Bai ga mafita ba sai ya ƙetara zuwa gaba ta tsakanin kujeru biyu, hanyar da aka yi ta domin gwiwar hannu, ba domin malamin da ya shekara yana cin tuwon Lantana ba. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce da kyar, tumbi ya zo ya ce a nan zai kwana. Ya yunƙura gaba, ya yunƙura baya, wando ya yi wata ƙara mai tsawo daga baya, hannunsa ɗaya ya maƙale ƙarƙashin giya, ɗayan bai kai ga ƙofa ba. A wannan hali ne, zufa na zuba cikin idonsa, ya tuna da Jatau da Ɗangoggo, ya tattara sauran ƙarfinsa, ya miƙa wuya, ya kafa goshi a kan oda.

Ƙarar ta cika unguwa. Lantana ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallon abin da idonta ya gane mata ta gilashi. Ta ɗauki rimot daga kan rufi ta danna, ta buɗe ƙofar hagu, ta kama shi ta mazagi ta ja, ya fito kamar an zare toshiyar tulu.

Ta ce, "Malam, in ɗebo maka ruwa ne, ko in ɗauko zare da allura tukuna?"

Tarihi ba ya rubuta duk abin da mata suka faɗa a fagen fama, sai dai mai wannan alƙalami ya shaida cewa ta koma ciki kafaɗunta suna rawa.

Ya zagaya ya buɗe 'yar tawaye daga waje, bayan ya miƙa hannu ya ɗaga mata maɓalli, wato gohon nan dai da ya rantse ba zai yi ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ita, ransa a ɓace, ya fara saƙa yadda zai aika wa Inna cewa mota ta yi tafiya. Tunanin kaɗai ya sa ya ji kamar ya yi kuka. Cikin wannan baƙin ciki bayansa ya tura ƙofar ta ƙara buɗewa kaɗan, ya danna rimot ɗin da Lantana ta bar masa haka kawai, sai ya ji kas a saitin ƙeyarsa.

Ya juyo a hankali. Maɓallin 'yar tawaye ya motsa. Ya jawo ƙofar kaɗan ya danna, shiru. Ya tura ta ya danna, kas. Ya jawo, shiru. Ya tura, kas. Sai hijabi ya yaye daga basirarsa, ya gane cewa ɗan injin nan da ya yi ta zagi bawan Allah ne mai biyayya, saƙo ne ba ya isa gare shi sai ƙofa ta tsaya a wani wuri, kuma duk abin da ke canzawa idan ƙofa ta motsa yana wajen mahaɗinta. Ya duba tsakanin ƙofar da jikin mota, ya ga wata baƙar roba mai nannaɗe kamar maƙogwaron zakara. Ya ja ta baya. Ga wayoyi nan a ciki, shekara da shekaru suna lanƙwasawa duk buɗewa duk rufewa, ɗaya ta tsinke bakinta biyu suna ɗan taɓa juna, wata kuma ta zama tsirara tana gogar ƙarfe, ita ce mai tayar da sauran ƙofofi a duk rami.

Ya miƙe, yagaggen wando yana kaɗawa, ya nuna wayar da sukundireba ya ce, "Ashe ke ce! Yau kin haɗu da jikan Ɗangoggo!"

Ya cire kan batirin mota, domin Ranar Fis ta koya masa ladabi. Ya fere bakin wayar da haƙori, ya yanko ƙari daga igiyar wata matacciyar fitila, ya murɗa tagulla da tagulla har yatsunsa suka yi jini, ya naɗe da baƙin tef, ya suturta tsirarar ita ma, ya mayar da roba. Ya mayar da kan batiri, ya ja da baya, ya danna. Maɓallai huɗu suka tashi tsaye lokaci guda. Ya danna, suka sunkuya tare. Ya yi kabbara da ƙarfi har kazar nan ta watse, ya ci gaba da dannawa yana zagaya mota yana yi wa kansa kirari, tun da babu maroƙi a kusa, har sai da ya ji ladan ya ɗaga murya. Da ya mayar da kwalin ƙofa, kusoshi suka yi saura a tafin hannunsa, bai san daga inda suka fito ba, ya zuba su a aljihu a matsayin ganima.

Asabar ta waye. An wanke Shuɗiya har taya, an turara ta da turaren wutar Lantana, an shimfiɗa sabuwar darduma a kujerar girma. Sadauki ya sha babbar riga mai sitaci, ya isa gidan surukai, ya daidaita ƙofar dama da bakin zaure. Ya tuɓe takalmi, ya shiga ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa. Inna ta amsa gaisuwa daga bayan labule, ta tambayi yara, ta sa albarka. Ya fito ya kulle motar da gangan, ya koma gefe ya tsaya, yatsa a kan rimot.

Da ya ji motsin mata a zaure, ya ɗaga hannu ya danna. Kas! Huɗu, tare, ba wadda ta makara. Ya taka cikin ƙasaita ya buɗe ƙofar girma, ya riƙe ta, ya sunkuyar da kai yana jiran ganin gefen zanen Inna.

Abin da ya fara fitowa daron cincin ne. Sai buhun shinkafa, sai jarkar man gyaɗa, sai kwanuka ɗaure a tsumma. Daga ƙarshe mata biyu suka fito da turmi suna nishi, Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifin Lantana, tana biye tana ba da umarni. Ta ce, "Yauwa, ku ɗora shi nan kan dardumar, Allah ya yi masa albarka, har shimfiɗa ya yi."

Yana tsaye riƙe da ƙofa sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya a gaban Shuɗiya. Inna ta fito lulluɓe da mayafi, ta kau da fuska, ta wuce ta gabansa ta shiga ciki ta zauna.

Ya matsa kusa da Gwaggo ya rage murya ya ce, "Gwaggo, ai da an mayar da turmin but. Ga wuri an gyara wa Inna."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Kai ɗan nan, da iliminka? Ta hakimce a baya, kai kana gaba kana jan ta kamar yaron gidanta? Wace irin marar kunya ka ɗauke ta?"

"To ai na ga tana shiga ta Alhaji."

"Ka taɓa ganin Mamuda a ciki? Direba ne ke zuwa. Kai kuwa mijin 'yar fari ne, ko tabarma ba ta haɗawa da kai balle mota. Kayan nan ma masu mota nawa suka ce a kawo su kai, ta ce a'a, a jira Malam, shi ne in an ba shi abu yake isa yadda aka ba shi."

Daɗi ya kama Haladu, kunya ta kama shi, ya rasa wanda zai fara ji, idonsa ya ciko har ya koma yana gyara zaman turmi don kada a gani. Shekara da shekaru yana jinyar raini, ashe girma ake ba shi bai sani ba.

Gwaggo ta shiga kusa da Inna. Kafin su tashi ya ga mayafin ya karkata, an yi wata magana ƙasa-ƙasa, sai Gwaggo ta leƙo ta ɗaga murya ta ce, "Wai ka kulle ƙofar nan da kyau, kada turminta ya faɗo a hanya."

Ya rusuna ya ce, "To, an gama." Ya shiga, ya danna, suka kulle su huɗu.

A nan tawadar mai tarihi ta ƙare. Abin da ya rage kawai shi ne mutanen da ke bakin hanya a ranar sun ga a-daidaita-sahu tana tafe tana tangaɗi, a bayanta kuma wata shuɗiyar mota mai ƙamshin turare tana rarrafe a giya ta biyu, manyan motoci suna ta danna mata oda, ita kuwa ta ƙi wucewa, domin ba a shiga gaban Inna.